Layin Inna, Sunan Malam

"Ka rage murya," in ji Inna Kaltume. "Na ce maka ka rage murya, Nababa."

"Wa zai ji mu, Inna? Wayar ba tana cikin rumbu ba?"

"Ko a rumbun ban yarda da ita ba."

Tun jiya da ta dawo daga birni ta naɗe 'yar wayarta a tsohon zane, ta cusa ta cikin gero iya tsawon hannunta, ta mai da murfin rumbun. Wannan fa ita ce matar da ko bayan gida za ta zaga sai ta ƙulle wayar a haɓar zane, kada wani labari ya iso Kanyar Maje bai same ta ba.

Nababa na tsaye a tsakiyar ɗakin, hularsa a hannu, yana murza ta. Sunansa na yanka Zubairu, sunan surukinta, ga shi kuma ɗan fari, don haka shekara talatin da takwas ke nan bakinta bai taɓa furta sunan ba. Shi kaɗai ne namijin da ya rayu a cikin 'ya'yanta.

"Me ya sa ba ki gaya mini saƙon da suka ba ki ba?" ya ce. "Sai a bakin matata zan ji, ita kuma a bakin matar Malam, a bakin rijiya?"

"Mantawa na yi."

"Ke, Inna? Ke da kike tuna atamfar da kowace mace ta ɗaura ranar sunana?"

Ta kau da kai, ta shiga tsince tsakuwa a waken da tun ɗazu ta gama tsincewa.

Maganar dai ta samo asali ne daga babban yatsan Inna Kaltume. Shekarun baya, da gwamnati ta ce duk layin wayar da ba a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba za a toshe shi, sau uku tana hawa bas zuwa Bici don a yi mata rajista. Sau uku na'urar tana ƙin yatsanta. Shekara hamsin na ɓarar gyaɗa da surfe da ƙunshi sun shafe zanen yatsan tas. Yarinyar da ke kan na'urar ta shafa masa mai, ta goga shi a goshin Inna, ta danna har sai da ya yi tsami, na'ura ta ce ita ba ta ga kowa ba. A dawowa ta uku ne ta tarar da maƙwabcinta Malam Abdulmumini, mai makarantar allo, yana fiƙe alƙalami a ƙofar zaurensa. Da ya ga idonta ya yi ja, ya tambaye ta, ta gaya masa.

"Wannan ne abin damuwa?" ya ce. "Kawo a ɗora a kan tawa lambar. Layi ai ba nauyi gare shi ba. Na ɗaukar wa tsofaffi uku, ke ce ta huɗu."

Haka aka yi. Sai dai Inna Kaltume ba za ta yarda a ce na'urar gwamnati ta raina ta ba. Ta gaya wa matan gari an karɓe ta tun a dannawar farko, har ta ƙara da cewa mai ɗaukar hoto ta tambaye ta inda ta sayi hijabinta. Ɗanta ma abin da ta gaya masa ke nan.

Shi kuwa Nababa shi ke riƙe da makullin siton taki na ƙaramar hukuma. Da farkon damina aka kawo tirela uku na takin da aka ce na manoma ne. Manya suka zo da babbar riga, aka jera buhu goma a gaba, aka ɗauki hoto. Kwana biyu bayan nan aka umarce shi ya buɗe sito, aka kwashe kayan zuwa gidan ajiyar wani mai kuɗi. A Kanyar Maje gonaki sun matse juna, ƙasar ta gaji da noma tun zamanin kakanni, in ba taki ba abin da take bayarwa. Nababa ya yi mako uku yana wucewa a kan babur ta tsakiyar masarar mutane da ta koma ruwan ɗorawa, masu gonar suna ɗaga masa hannu suna cewa, "Mai makulli, yaushe ne rabon?"

Rannan da la'asar, Inna na kan sallaya, ya ɗauki wayarta daga kan gado. Ya rubuta wa wani ɗan jarida na gidan rediyo a birni lambobin tirelolin da inda aka ɓoye takin, ya tura, ya goge. Lissafinsa shi ne, ko an bi sawun layin, sunan tsohuwar da ba ta san bihim ba za a tarar, wadda rabin gari ke aron wayarta. Wa zai kama tsohuwa?

Ranar Talata rediyo ta faɗi labarin, ba suna. Gari ya ɗauka. Inna Kaltume da kanta ta kira ƙanwarta Luba a Bacirawa, suka yi awa guda suna canki-cankar wanda ya tona. Takin dai bai dawo ba, an ce an kafa kwamiti. Abin da ya zo shi ne wata mota mai baƙin gilashi, bayan kwana goma, ta tsaya a ƙofar zauren Malam Abdulmumini bayan azahar. Mutum biyu suka fito, ba kaki a jikinsu. Suka gaishe shi da ladabi, suka jira ya sa takalmi, suka tafi da shi. A ranar ne Nababa ya gaya wa uwarsa abin da ya yi, ita ma ta gaya masa a kan sunan wa layin yake. Yau kwana tara ke nan da tafiya da Malam.

"Wato ni ka sa a gaba," in ji ta yanzu, tana juya waken. "Da sunana ne a kan layin, da ni ce a can."

"Ba za su kama ki ba."

"Haka ka lissafa. Malam ma ai tsoho ne, ya girme ni da shekara takwas. Ga shi can."

"Da kin gaya mini gaskiyar yatsan nan—"

"Da ka tambaye ni kafin ka ɗauki kayana."

Ya ci gaba da murza hularsa. Can waje Khairiyya, matarsa, tana daka, amma dakan ya yi sanyi irin na mai kasa kunne.

Jiya ne Aina'u, matar Malam, ta roƙi Inna ta raka ta birni, don ita ba ta san hanya ba, kuma shekara talatin ba abin da ɗaya ke yi ba ɗaya. Suka ɗauki fura da ƙwayoyin ciwon sugan Malam. Ofishin ba allo a ƙofarsa. Ba a bar su sun ga Malam ba. Aka shigar da su wani ɗaki mai sanyi, wurin wani matashi mai farar shadda da ƙamshin turare, wanda ya tashi tsaye ya ce, "Mama, ku zauna. Kun sha hanya." Har ruwan roba ya sa aka kawo musu.

"Wace ce Mama Kaltume a cikinku?" ya ce.

Ba wanda ya gaya masa sunanta. Ya juya kwamfutarsa, ya danna wani wuri, sai ga muryar Inna ta cika ɗakin, da dariyarta, har da kukan akuyar gidanta a baya. Tana gaya wa Luba cewa Tahira, 'yar Aina'u, ba wankan jego ya dawo da ita gida ba, saki ne, har biyu, amma kada Luba ta gaya wa kowa, don ita kaɗai Aina'u ta gaya wa, tana kuka.

Aina'u ba ta juyo ba. Ta dai janye gefen mayafinta da ke taɓa na Inna.

"Yi haƙuri, ba wannan nake nema ba," in ji matashin. Ya sake dannawa. Wannan karon muryar ƙasa-ƙasa take, ba dariya. Tana gaya wa Luba akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin nononta na hagu, wata biyar ke nan, yana girma, kuma ba ta gaya wa yaron nan ba, kada hankalinsa ya tashi. Inna ta ji kamar an kwance mata zane a tsakiyar kasuwa. Ta kai hannu ta rufe ƙirjinta.

"Allah ya ba ki lafiya, Mama," ya ce. "Ya kamata ki je asibiti. To, mu mun san Malam da ajami yake rubutu, ba ya boko. Ke kuma ba kya rubutu. Wa ke taɓa wayarki?"

Ta ce kowa. Ta fara jero sunaye, gida-gida, daga bakin masallaci har gidan mai unguwa. Ya bar ta ta gama.

"Ɗanki fa, me yake yi?"

"Noma."

Ya danna a karo na uku. Ga Inna tana cika baki, tana cewa Luba ɗanta ne ke riƙe da makullin siton gwamnati, ko ciyaman sai ya jira shi.

"Ba ma son hayaniya," in ji matashin, yana rufe kwamfutar. "Ki gaya masa ya zo da ƙafarsa. Akwai takarda, zai sa hannu cewa ƙarya ya rubuta, don haushin ba a ƙara masa girma ba. Ranar da ya sa hannu Malam zai kwana a gida. In bai zo ba, Malam yana nan tare da mu, don layin nasa ne." Ya karɓi furar, ya mayar musu da maganin, ya ce sai likitansu ya duba.

A bas, Aina'u ta nemi wata mata suka yi musayar wurin zama. Daga birni har mararrabar Makoda ba ta ce uffan ba. Sai da suka sauka ta ce, "Kin san wanda ya yi tun ranar farko, Kaltume. Kina zuwa gidana kina taya ni kuka." Ta wuce.

Wannan shi ne saƙon da Inna ta ce ta manta.

"Zan tafi," in ji Nababa. "In na kama motar hantsi, kafin azahar ina can."

"Ba inda za ka. Kai da bakinka ka ce lauyan da ka je wurinsa ya ce doka na bayanmu."

"Ya ce."

"To?"

Ya zauna a bakin gado. "Ya buɗe mini kundin tsarin mulki, Inna, sashe na talatin da bakwai. Ya karanta mini da Turanci, ya fassara. Wai sirrin gidan mutum, da wasiƙarsa, da maganarsa ta waya, duk a tsare suke. Wani sashen kuma wai ba a tsare mutum kwana tara ba a kai shi gaban alƙali ba."

"Su ba su karanta littafin ba ne?"

"Sun karanta."

"To me ya hana lauyan zuwa ya fito da shi?"

"Kotu na hutu. Sai an samu alƙalin da ke zama a lokacin hutu, sai an sa rana, sai ofishin ya yarda cewa Malam na hannunsu. Ya rubuta musu, sun ce ba su san da wani Abdulmumini ba."

"Ba su san shi ba? To furar wa suka karɓa?"

"Ya ce wataƙila wata ɗaya, wataƙila biyu. Malam kuwa in ya yi kwana uku bai sha magani ba, ƙafarsa kumbura take. Ke kin sani."

Ta sani. Ita ke dafa masa ganyen zogale ba gishiri in abin ya motsa, ta aika ta kan katanga.

"Shi ɗan jaridar fa? Ya ci labari ya goge baki?"

"Wayarsa a kashe take. An ce an ba shi hutu."

Inna ta ture faifan waken. "To je ka sa musu hannun, ka dawo. Takarda ce kawai. Ni ma na yi ƙaryar yatsa, ban mutu ba."

"Malam ne ke mutuwa a kanta." Ya ga yadda fuskarta ta yi, ya sassauta. "Takardar nan ita ce igiyar, Inna. In na rubuta cewa ƙarya na yi, da ita za su kai ni kotu, su ce na ɓata sunan gwamnati, na tunzura jama'a. Ranar ba za a ce ana hutu ba. In na ƙi sa hannu, su riƙe mu mu biyu. Ko ta ina, ba na jin zan ga girbin bana a waje."

"Ka san haka, kuma kake cewa za ka?"

"Shi ya koya mini Fatiha."

"Ni na haife ka."

Dakan Khairiyya ya tsaya gaba ɗaya. Wata kaza ta leƙo ɗakin, ta ga ba fuska, ta juya.

Inna ta matso, ta rage murya har sai da ya sunkuyo. "Saurara. Najib mai cajin waya, ɗan gidan Fadima. Kullum a shagonsa wayata ke wuni. Ya iya boko. Wata biyu ke nan da ya tafi ci-rani Legas, ba wanda ya san unguwar da yake. In koma in ce na tuna, shi ne. Kafin su nemo shi magana ta mutu."

Nababa ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Ya tafi kafin a kawo takin."

"Su ina suka sani?"

"Sun san kukan akuyarki, Inna. In ma sun yarda, sai su ɗauki Fadima su ajiye har ya dawo. Sai ki raka wa kai fura?"

"To kai wa ya aike ka tun farko? Ku nawa ne a siton nan? Kowa ya gani ya yi shiru, yana kwana da iyalinsa. Kai ne mai tausayin masara. Ga masarar can, ta yi kore? Buhu ɗaya ya dawo?"

"Bai dawo ba."

"To me ka samu?"

Ya tashi ya sa hularsa, ya ciro makullin sito daga aljihu, ya ajiye a kan kwanon samirarta. "In sun aiko, a ba su. Babur ɗin kuma na bar wa Khairiyya, ta sayar in ta kama." Ya ɗan tsaya. "Na yi magana da Gwaggo Luba ta wayar wani. Ranar Litinin za ta zo ta kai ki asibiti a duba ƙirjin nan."

Inna ta dafe ƙirjinta. "Wa ya gaya maka?"

"A bakin rijiya aka faɗa. Duk gari ya sani."

Wata biyar tana ɓoyon abin nan, tana kwana a gefen dama, tana wanka da sauri don kada hannunta ya taɓa wurin. Magana ɗaya ke nan a rayuwarta da ta riƙe daga mutanen gari, ga shi mata na jan guga suna juya ta. Kuma ta san yadda ake juyawar, don ita ce ta koya wa rabinsu.

"To tunda ka sani," ta ce, "wa zai sa ni a rami? Surukai? Ka tafi ka bar ni da wannan abin a ƙirji, da yara uku, da mace mai ciki, a garin da ba mai sake yi mini sallama?"

"Allah na nan."

"Na san Allah na nan. Kai nake tambaya."

Ya nufi ƙofa. Ta riga shi, da saurin da ba a san tana da shi ba, ta tsaya a bakin ƙyauren langa-langa, ta ware hannuwa.

"Zubairu."

Ya tsaya cak. Ita kanta sai da sunan ya yi mata baƙo a baki. A tsakar gida taɓarya ta faɗi daga hannun Khairiyya.

Ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa. Inna ta ga kafaɗunsa sun sauko, ta ga hannunsa ya koma kan hular kamar zai cire ta. Da ta yi shiru a nan, wataƙila da ya koma ya zauna, ko na yini ɗaya ne. Amma Inna Kaltume ba ta taɓa iya barin magana a inda ya kamata ta tsaya ba.

"Ka duba fa," ta ce a hankali, da muryar lallashi. "Malam ya haura saba'in. Ya yi hajji, ya aurar da 'ya'yansa, ga ciwo na cin sa tuntuni. Ko yana gida, nawa ya rage masa? In ta Allah ta kasance a can, ai shahada ya yi. Kai kuwa yanzu ka fara."

Ya ɗago. Ruwan idon na nan, amma fuskar ta canza.

"Mutumin da ya ara miki sunansa," ya ce. "Kwana tara yana hannunsu. Ya san layin wa ne, ya san ɗan wa ke aiki a sito. Da kansu suka gano, bai faɗa musu ba."

"Nababa, ni dai—"

"Matsa, Inna."

Ba ta matsa ba. Ya kama kafaɗunta da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo, ya kawar da ita gefe kamar yana gyara wa tulu zama. Ta kamo bakin rigarsa, ya zare. Ya fita bai waiwayo ba, ya ja ƙyauren ya buga shi da ƙarfin da sai da ƙasar bango ta zubo a kan waken.